Ranar da Na Zama Hoto a Wayar Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Tsiga ya san abin da wannan yake nufi. Uwarka ba ta kiran sunanka, ba ta kallon ƙwayar idonka, ba ta zama ta yi hira da kai. Kunya ake ce wa abin, kuma ado ne ga mace. Wasu matan sama-sama suke yin ta, da yaro ya girma sai su sassauta. Inna kuwa, da yake jinin Fulanin da suka zauna gari ce, ta riƙe tata tamau har na fara furfura.

Da aka yaye ni, kakata ta wajen uba ta goya ni ta tafi da ni gidanta, can ƙarshen unguwa. Tun daga ranar sunana a bakin Inna ya zama ɗan tsohuwa. In na shigo gaishe ta na durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya gefe ta kama tsintar wani abu a faifai, ta amsa wa bango. In tana da magana kuwa, sai ta nemi wani ƙanena ta ce, "Ka gaya wa ɗan tsohuwa ruwa ya ci katangar baya." Ina zaune a wurin fa, da kunnena nake ji. Shi kuma ƙanen nawa, ɗan rainin hankali, sai ya juyo ya maimaita mini tiryan-tiryan.

Ban ce ba ta ƙaunata ba, Allah ya kiyaye. Malmalar tuwona ta fi ta kowa girma, man shanun da take ɓoye wa sauran ni ake zuba wa. Amma ni mutum ne mai baki, mai son a faɗi magana a wuce wurin, kuma wallahi abin yana ci mini rai. Burina ɗaya ne tun ina yaro, Inna ta dube ni sosai ta yi mini magana, ni da ita, ba ɗan aike. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Wa za ka gaya wa? Ƙato da kai, da mata da 'ya'ya, ka ce kana neman uwarka ta kalle ka? Sai an yi shekara ana yi maka dariya a majalisa.

Sana'ar Inna daddawa ce, ta kalwa zalla, ba ta waken suyan nan da ta cika kasuwa ba. In bazara ta yi ɗorawa ta nuna, tsakar gidanmu ba wurin taka ƙafa. Ta dafa kalwa yini guda, ta surfa ta da toka a turmi, ta wanke, ta sake dafawa da 'yar kanwa, sannan ta juye a kwando ta lulluɓe da ganye da buhu ta bar ta ta nuna. Ranar da za ta buɗe kwandon, har liman a masallaci ya san Inna ta buɗe kwando. Daga nan sai kirɓi, sai mulmulawa, sai shanya a tabarma. Shekara da shekaru kasuwarta ba ta wuce matan unguwa da masu sari ranar kasuwar Bakori ba.

Ni kuma ina da shagon kayan noma a Funtua, taki da iri da maganin feshi. Na daɗe ina zagin manyan wayoyin nan na shafa-shafa, ina cewa aikin marasa aikin yi ne, mutum ya zauna yana lailayar gilashi kamar mai lallashin jariri. Abin da ya rufe mini baki shi ne wata damina da tsutsa ta faɗa wa masara. Wani manomi daga wajen Malumfashi, wanda ya daɗe yana sayayya a wurina, ya ɗauki hoton ganyen masararsa ya rasa inda zai tura mini, sai ya tura wa maƙwabcin shagona. Maƙwabcin ya leƙo ya nuna mini, wai in taimaka. Ni da bakina na faɗi maganin, shi kuma ya ɗora wa ɗan acaba ya aika. Ina ji ina gani ya ɗauke mini mai saye da ilimina. Kafin sati ya zagayo na sayi tawa.

Gaskiya kuma na ji daɗinta, ba zan yi ƙarya ba. Manomi yana tsakiyar gona zai nuna mini ciyawar da ta dame shi, in gaya masa abin da zai fesa. Farashin taki a Kano da Zariya ina sani kafin in gama shan koko. Ga karatun malamai, ga hotunan jikoki. Matata ta ce ta ga ranar da mai zagin gilashi ya koma kwana da gilashi, na ce ta yi ta faɗa.

Autarmu, wadda ke aure nan cikin Tsiga kuma kusan kullum tana gidan Inna, ita ta kawo shawarar. Ta ce, "Yaya, ka saya wa Inna babbar waya mana. Wallahi matan birni neman daddawa mai kyau suke yi ido rufe."

Lokacin Inna tana da 'yar ƙaramar nan mai tocila. In na kira ta ɗauka, da ta ji sallamata sai in ji ta ce, "Ungo, ɗan tsohuwa ne," ta miƙa wa duk wanda ke kusa, ko da almajiri ne ko da mai tallan kuka. Don haka da Auta ta yi maganar, kasuwa na ce mata na duba, amma a raina wani lissafin nake yi. Na ce wannan wayar ana iya yin magana a cikinta a tura, ba sai an haɗa ido ba, ba sai an ji numfashin juna ba. Wataƙila ta nan Inna za ta samu ƙofa. Na je na zaɓo mai faɗin gilashi saboda idonta ya fara rauni, na kai da kaina. Ta juya ta a hannu, ta dubi Auta ta ce, "Ki ce masa an gode. Amma me zan yi da madubi, ni da tsufana?"

Tabɗi! Ashe tsohuwa jira take yi. Inna ba ta yi boko ba, ko baƙi ɗaya ba ta karantawa, amma Auta ta nuna mata inda ake dannawa a yi magana, shi ke nan aka gama. Da farko in ta yi sallama sai ta yi shiru tana jiran a amsa, saƙon ya tafi rabinsa iska ce da kukan kaji. Da ta gane, sai ga ta tana zuba gaisuwa, ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi gajiya da zafi, sai can ƙarshe ta tuna da maganar daddawa. Auta ta ɗauki hoton shanya ta saka a wani zauren mata na cikin waya. Wata Hajiya a Kaduna ta saya ta gwada, ta gaya wa wata, waccan ta gaya wa wata. Kafin damina ta fita, direbobin tashar Bakori sun san kwalin Inna tun daga wari, har suna rigima kan wa zai sa shi a bayan motarsa.

Yadda take gane mutane shi ne ta hoto. Kowa da ɗan hotonsa a gefen sunansa, ita kuma ta raɗa musu nata sunayen: mai jan gyale, mai tabarau, mai hoton jariri. Auta ta ce ko sau ɗaya ba ta taɓa aika saƙon wata ga wata ba. Tsohuwar da a da duniyarta ba ta wuce zaure ba, yanzu ta san ana ruwa a Abuja, ta san wadda ta haihu a Zariya. Ta ƙara ƙiba, ta ɗauki mata biyu suna taya ta surfe. Na yi murna, Allah ya sani. Amma wayata ba ta taɓa yin ƙara da saƙon Inna ba.

Wata ranar Juma'a na je gida, muna zaune a zaure da Auta, sai ta ce bari in ji abin dariya. Ta kunna mini wani saƙo da Inna ta aika wa Hajiyar Kaduna. Sai na ji muryar uwata sake, ba ɗari-ɗari, tana cewa, "'Yata ta kaina, ya ƙafar taki? Kin shafa man da na aiko? Ki daina tsayuwar nan mai yawa, kin ji ko?" Har da dariya, irin dariyar da nake jiyowa daga waje, wadda take ɗaukewa da zarar na yi sallama. Auta tana ta ƙyalƙyalawa, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Matar da ba ta taɓa gani ba ita ce 'yarta ta kanta. Kishi na ji, tsagwaronsa, kishin wata baiwar Allah da ba ta san ina yi ba.

Na koma Funtua na ƙulla dabara. Na ce tunda masu saye ake yi wa magana, bari in zama mai saye. Na gyara murya na danna na ce, "Salamu alaikum, Hajiya mai daddawa, ana son ta miyan gida, mai kyau, a gaya mini yadda ake sayarwa." Na tura, na zauna ina leƙen waya kamar saurayi. Na ga alamar an saurara. Can da la'asar amsa ta shigo, na yi wuf na kunna, sai muryar Auta, tana danne dariya: "Yaya, Inna ta ce ɗan tsohuwa ba ya sayen daddawa a gidan nan, ya aiko a ɗaukar masa."

Na kira Auta na zazzage mata. Na ce wace irin kunya ce wannan da ba ta tsufa? Na ce mutanen da suka kafa ta duk sun mutu, kakata ta mutu, babanmu ya mutu, wa ya rage da za a ji wa kunya? Auta ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Haka ta tashi, ba za ta iya ba." Na ce to, na haƙura. A raina kuma na rufe maganar, na ce haka za mu rabu da Inna, ko ni ko ita wani ya riga wani, ba mu taɓa haɗa ido ba.

Bazarar da ta biyo baya, wata rana bayan azahar, ina shago ni kaɗai. Lokacin ba ciniki, ruwa bai sauka ba, manoma ba su fara motsi ba, zafi kuma ya kori kowa inuwa. Ina gyangyaɗi a kan buhun taki sai waya ta ɗauki ƙara. Na duba, na sake dubawa. Lambar Inna ce, kuma kiran bidiyo. Na ce a raina ba lafiya ba, Auta ce za ta nuna mini wani abu. Na ɗauka da sauri.

Ba kowa. Sama kawai nake gani, da reshen dalbejiyar tsakar gidanmu. Daga nesa kuma ga muryar Inna tana faɗa: "Kai! Fita! Ja'irar akuya, kullum sai kin shigo!" Na ji ƙarar faifai, na ji gudu. Nan na gane abin da ya faru. Hannunta ne ya taɓa wurin kira ba ta sani ba, ta ajiye wayar a tabarma ta tafi korar akuya daga shanyar kalwa. Na yi murmushi, na kai yatsa zan kashe.

Sai sama ta juya, fuskar Inna ta cika gilashin. Ta zauna tana haki, ta riƙe wayar kusa da idonta, tana kallona kai tsaye. Na buɗe baki zan yi sallama, ta riga ni.

"Ka gani ko? Akuyar gidan maƙera ce. Jiya ma sai da na gaya maka za ta dawo."

Da ni take. Ba ta san kira ba ne, ta ɗauka hotona ne da ke cikin wayar, kuma yadda ta yi maganar, ba yau ta fara ba. Ban san lokacin da yatsana ya danna wurin toshe murya ba, don kada ƙarar babura ta tona ni. Na jingina gwiwar hannu da buhu, na ƙame. Ni da ba na iya zama shiru ko a wurin ta'aziyya, na zama hoto.

Ta ƙara matso da wayar, ta runtse ido ɗaya. "Af, ka canza hoton ne? Auta ta ce in mutum ya canza nasa can, nan ma sai ya canza. Wancan na Sallah ya fi kyau. Wannan ka rame. Ba ka cin abinci ne, ko zafin Funtua ne?" Ta yi tsaki. "Ga hula a karkace, kamar ta babanka."

Ban taɓa ganin fuskar Inna daga gaba ba sai ranar. Gefenta na sani, da ƙeyarta, da hannuwanta. Ashe tana da ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin idon hagu. Ashe idona irin nata ne. Ƙuda ya sauka mini a kunne, na bar shi ya yi yadda yake so.

Ta ci gaba da hira, tana yi tana tsince kalwa da ɗaya hannun. Ta gaya mini mai jan gyale ta yi odar da ta fi ƙarfin kwando biyu. Ta gaya mini gwiwarta ta dama tana damunta da asuba, amma kada a gaya wa Auta, za ta hana ta surfe. Ta ce ta ji saƙon da na turo na sayen daddawa, ta saurare shi ya fi a ƙirga. "Wai Hajiya mai daddawa," ta ce, ta yi dariyar nan tata har da girgiza kai. "Ɗan nema. Tun kana ƙarami ka iya tsokana."

Ta kawo yatsa ta shafa gilashin a daidai goshina, inda nake da wani tsohon tabo.

"Har yanzu yana nan," ta ce a hankali. "A bakin rijiya ka faɗi a kan dutse. Ina tsaye da guga. Jini ya rufe maka ido, kana miƙo mini hannu. Tsohuwa na nan, matan unguwa na nan, ba halin in ɗauke ka. Na juya baya na ci gaba da jan ruwa. Igiyar nan sai da ta yanke mini tafi ban ji ba."

Na tuna ranar. Ita ce abu na farko da nake iya tunawa a rayuwata, Inna ta ba ni baya da zanenta mai shuɗi, tana jan ruwa ina kuka. Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da wannan bayan a raina, ban taɓa tunanin abin da gaban yake yi ba.

Na yi iya ƙoƙarina, wallahi na yi. Na cije haƙori, na hana idona ƙiftawa har ya fara yaji. Amma hawaye ba ya jin magana. Ɗaya ya gangaro ta gefen hanci ya shige gemu, wani ya biyo shi, dole na ƙifta.

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin kalwar. Ta janye wayar nesa, ta dawo da ita kusa. Na ga lokacin da ta gane, idonta ya buɗe, bakinta ya motsa.

"La'ilaha illallahu."

Ta ja gefen ɗankwali ta rufe baki, ta kau da kai. "Auta! Ke Auta!" Shiru. Daga baya na ji Auta ta tafi tasha kai kwali. Inna ta waiga dama, ta waiga hagu, ba ko yaron maƙwabta da za ta miƙa wa. Ta dubi bango ta ce da ƙaramar murya, "Yaya ake kashe abin nan?"

Tausayinta ya kama ni. Na ji kamar na leƙa ta tana wanka. Na buɗe muryar.

"Inna, akwai wani ja a ƙasa. Shi za ki taɓa."

"To," ta ce.

Na ga yatsanta ya taso, ƙato a gilashi, duk toka. Ya zo daidai wurin ya tsaya. Ina ta jiran fuskarta ta ɓace. Yatsan ya daɗe a nan, sannan ya koma inda ya fito. Ta saki ɗankwalin. Kanta yana sunkuye, ta ɗago shi kaɗan-kaɗan har idonta ya shiga nawa, kuma wannan karon ta san ni ne.

Wani ya yi sallama a bakin shago yana tambayar irin masara, na ɗaga masa hannu ban ko dube shi ba. Idona yana kan Inna, nata yana kaina. Ta bayan kafaɗarta ina hango akuyar ta sake shigowa, ta sa kai a cikin shanya tana ci hankali kwance. Ban gaya mata ba, don kada ta juya.